Waƙar Niƙa Babu Dutse

Shekarar da na sayi makirufo, ba ni da aikin yi in an tashi daga ofis sai kallon bidiyo a intanet. Mutane ne daga ƙasashe daban-daban, kowa zaune gaban kwamfutarsa yana koya wa duniya yadda ake mai da ɗakin kwana sitidiyo. Na bi su sau da ƙafa. Na je Babbar Kasuwa na kwaso kiret ɗin ƙwai na manne bangon ɗakina da su a gidanmu na Ƙofar Kwaya, na toshe taga da tsohuwar katifa, na sauke manhajar naɗar sauti ta kyauta. Muryar waƙa ce kawai Allah bai ba ni ba, ita kuwa babu bidiyon da ke maganinta.

Ana nan sai gwaggona, yayar mahaifina, ta zo daga wani ƙauye bayan Batagarawa don a yi mata aikin ido. Kwana goma za ta yi. Tun ina ƙarami na san ta da waƙar niƙa, wadda mata ke yi durƙushe a gaban dutse kafin inji ya shiga kowane lungu. A danginmu ita kaɗai ta rage da ta iya, kuma ba wanda ya taɓa naɗar muryarta. Na ƙudurta sai na yi kafin ta koma.

Da hantsi na shigar da ita ɗakin, na zaunar da ita a kujera, na sa mata belun kunne. Na kunna ɗan bugun nan mai tak-tak da malamaina na intanet suka ce shi ke daidaita mawaƙi. Ta yi baiti ɗaya ta tsaya.

"Ɗan nan, mi ke ƙwanƙwasa mani kai?"

Na yi mata bayani dalla-dalla, yadda aka yi mini.

"Shi wanga abu ba shi gajiya?" in ji ta. "To ni ban iya waƙa da wanda ba shi gajiya. Ga hannuna zaune. In hannu bai tahi ba, waƙar ba ta zuwa."

Dole muka nemo dutsen niƙa. Yana bayan madafa, kaji na shan ruwa a cikinsa. Aka wanke, aka auno gero, Gwaggo ta durƙusa a tsakar gida. Igiyar makirufon ba ta kai can ba, sai na kifa kwano na ɗora wayata a kai. Tana fara tura dutsen waƙar ta zo, baiti na bin baiti, ta kusa minti ashirin ba ta nemi kalma ba. Ni kuwa ina tsaye raina a ɓace. Akuya ta yi kuka, babur ya wuce, ga gurzar dutsen ta cika ko'ina. A lissafina duk aikin ya lalace.

Amma na san wani shafi a intanet da ke tace murya. Ka ɗora masa sauti, ya jefar da duk abin da ba muryar mutum ba, ya dawo maka da ita tas. Na ɗora, na jira, ya dawo da muryar Gwaggo ita kaɗai, babu akuya, babu babur, babu dutse. Na ji daɗi ƙwarai. Wayar ta daɗe tana yi mini ƙorafin ta cika, don haka na goge na asalin, ko tunani na biyu ban yi ba.

Washegari na kunna mata. Ta saurara har ƙarshe, hannunta a haɓa.

"Wace ce wagga?"

"Ke ce mana, Gwaggo."

"A'a. Wagga malalaciya ce, tana waƙar niƙa ba ta niƙa. Ina dutsen?"

Na ce na cire shi. Ta dube ni da idon da aka gyara mata, ta ce sannu da ƙoƙari. Muka tsayar da magana a kan in ta dawo bayan Sallah don ɗaya idon za mu sake.

Kafin Sallar ta zo, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Tana nan da ranta a ƙauye, magana na fita ɗaya-ɗaya, hannun kuwa sai an ɗaga mata shi. Na kai wayar wurin masu gyara har biyu ko za a dawo da abin da na goge, kowa ya ce sautin ya tafi ke nan.

Daga baya na gwada yin niƙan da kaina, in naɗi ƙarar dutsen in shimfiɗa ta a ƙarƙashin muryarta, yadda ake haɗa kiɗa da waƙa. Bai taɓa zama ba. Tana sauri inda nake jinkiri, tana ja inda ban zata ba, domin tafiyar hannunta take bi, ni kuma ban san inda ta tura da inda ta janyo ba. Ranar da na tsaya kusa da ita, akuya nake saurare.

Nakan kunna tataccen sautin da ya rage lokaci-lokaci. Muryar ta fita fes, ba abin da za a kushe. Akwai wurare huɗu da take tsayawa tana haki, dutsen na ci gaba da aiki kafin ta ɗauko baiti na gaba. Yanzu in an zo wuraren, ba a jin komai sai numfashin tsohuwa da ta gaji, ba a san da me ba.