Ranar da Na Huda Iyafis ɗin Ƙanin Matata

A shekarar da aka sake buɗe majami'u bayan kullen korona abin ya faru, kuma ko zan manta da komai, ba zan manta da wannan Asabar ba. A shekarar ce na shiga ajin karatun manya da ake yi a harabar cocinmu a Romi, ina da shekara hamsin da ɗaya. Lokacin ina haɗa baƙaƙen Hausa a hankali, Turanci kuwa sai dai in duba hoto in wuce.

Shekara goma sha bakwai na yi ina aiki a masaƙa a Kakuri, a ɗakin injinan saƙa. Da aka rufe kamfanin sai na koyi gyaran rediyo, daga nan aka danƙa mini kayan sautin coci: miksa ɗaya, makirfo huɗu, da wasu tsofaffin lasifika biyu da suka girmi ɗana na fari. Ni nake murɗa komai duk Lahadi. Wani lokaci matasa sukan ce, “Baba, ka cika kaifi.” Sai in yi murmushi kawai. Ni ba mai gardama ba ne, amma a raina nakan ce yaran nan ba su san sauti ba.

Uwar zumuntar mata ta cocinmu tsohuwa ce da ta haura saba'in, kowa Mama yake ce mata. Akwai waƙoƙi tara da ta tsara da bakinta tun tana amarya, rabi da Hausa rabi da yarensu, ba a taɓa rubuta su ba, ba a taɓa ɗaukar su ba. Ɗanta ya ce zai zo ranar Lahadi ya mayar da ita ƙauye saboda jikinta ya ƙi daɗi. Sai matan suka yanke shawarar a ɗauki muryarta ranar Asabar da yamma, kafin ta tafi. Matata tana cikinsu, ita ke kaɗa caki. Ni aka ba aikin.

Matsala ɗaya, babban abin sauraron da nake ɗorawa a kai ya mutu a makon. Ana haka sai ga ƙanin matata ya zo daga Abuja ranar Juma'a, zai je biki a Trikania. Magidanci ne, ma'aikacin ofis, ba ya shan komai, ba ya yawo, amma a kan kayan jin kiɗa ba shi da hankali. Akwai wasa tsakaninmu tun ina neman yayarsa.

“Yaya, yau zan nuna maka abin da ya fi wannan akwatin gawar da kake kira miksa,” in ji shi.

Ya fito da wata 'yar jakar fata kamar ta zobe. A ciki akwai iyafis guda biyu, abin saurare da ake cusawa a kunne, ƙanana, masu sheƙi kamar an goge dutse, da igiya da aka yi wa kitso. Na ce irinsu ai ana sayarwa a bakin titi. Ya kama kai.

“Kada ka sake faɗa, za su ji haushi. Cikin kowane ɗaya akwai ƙananan lasifika biyar. Biyar, Yaya! Wata shida na jira kafin su iso.”

Ya zaɓo robar da ta dace da ramin kunnena, ya tura mini su sai da suka toshe, duniya ta yi tsit. Sannan ya kunna waƙa. Gaskiya na firgita. Ganga ta bugo daga hagu kamar mai bugun yana zaune a kafaɗata, jita mai kauri ta ratsa har cikin ƙirjina, muryar mai waƙar kuma ta tsaya a tsakiyar kaina cak. Sai da na waiwaya in ga ko wani ya shigo ɗakin.

Ya cire mini ɗaya yana dariya. “Ka ji inda ta ja numfashi kafin amshi? Ka ji 'yar ƙararrawar can sama, ta dama, kamar yayyafi a kwano?”

Ban ji numfashi ba. Ban ji ƙararrawa ba. Amma na ce, “Na ji.”

Daga nan ya shiga bayanin da ya ƙara rikita ni. Ya nuna mini wasu ƙananan bakuna na ƙarfe da ake murɗawa a kan iyafis ɗin, kala uku. Baƙi, in ji shi, yana ƙara nauyi da ɗumi. Fari yana barin sauti yadda yake. Mai ruwan zinariya yana buɗe sama, ya ƙara haske. Na ce sauti ne ko shayi, da za a ce yana da ɗumi? Ya ce in dai saurara. Ya sa baƙi, na saurara. Ya sa fari, na saurara. Ya sa na zinariya, ya tsaya yana kallon fuskata kamar mai jiran a yaba girkinsa. Ni kuwa duk ukun abu ɗaya na ji: ganga mai daɗi, murya mai daɗi, amma kamar an lulluɓe su da bargo. Na rasa ko shi ne yake ruɗin kansa, ko wasa yake mini irin namu.

“Wannan ya fi,” na ce, don kawai a wuce wurin.

Da safe zai tafi biki, matata ta roƙe shi ya bar mini su don aikin Mama. Ya dube ni, ya dubi jakar. Sannan ya sa fararen bakunan, ya ce su ne na aiki. Ya miƙo mini har da 'yar takardar da ta zo da su.

“Yaya, ko yayata ban ba ka da fargaba irin wannan ba. Karanta takardar nan tukuna.”

Na karɓa na ce to. Rubutun Turanci ne, ƙanana kamar tururuwa. Malamarmu ta aji tana nan layi na biyu, da na taka da ta karanta mini cikin minti biyar. Ban je ba. Na ninke takardar na mayar.

Da hantsi na zauna a teburin gyarana na sake gwadawa. Bargon nan yana nan. Na ɗauko gilashin da nake duba ƙananan wayoyi da shi, na leƙa bakin iyafis ɗin. Sai na ga wata 'yar raga a ciki, mai laushi kamar ta tace koko, a bayanta kuma wani abu fari kamar auduga. Nan take na ce, yawwa, ga ɓarawon. Duk mai gyaran rediyo ya sani, in sauti ya dushe a waya ko a rediyo, datti ne ya toshe raga, kuma allura ce maganinsa. Na yi wannan aikin ya fi sau ɗari. Har na ji tausayin ƙanin matata, ya jira wata shida an aiko masa da abu a toshe.

Na ɗauko allurar matata. A hankali na yi, ban yi gaggawa ba, don ni ba na aikin gaggawa. Na huda ta dama, na zaƙulo farin abin. Na huda ta hagu, allurar ta ɗan zarce, na ji ta taɓa wani abu a ciki. Na mayar kunne. Kamar ya ɗan buɗe, kamar kuma bai buɗe ba. Na ce sauran na ƙarasa a kan miksa.

Ƙarfe huɗu mata suka cika gaban coci da zanensu iri ɗaya. Tuluna biyu da ake bugawa da soso, ganga ɗaya, caki huɗu. Aka zaunar da Mama a kujerar roba, na saita mata makirfo daidai baki. Na kashe manyan lasifika don kada su yi kuka a cikin ɗauka. Sannan na yi abin da har yau yake ci mini rai: na ce kowa ta kashe wayarta, don waya tana sa miksa ƙara. Wata ta ce tana so ta ɗauka a tata. Na ce, “Haba, ga injin gaske, me za ki yi da waya?” Ta kashe.

Suka fara. Tulu yana shigowa kunnena da kyau, muryar Mama ma haka, tana rawa kaɗan amma da ƙarfinta. Sai dai caki. Ina ganin hannun matata yana sama yana ƙasa, ina ganin sauran ukun, amma a kunnena babu su. Na duba waya, lafiya. Na duba makirfo, lafiya. Na murɗa maɓallin kaifi kaɗan. Babu. Na ƙara. Babu. Na bi layi huɗun nan ɗaya bayan ɗaya na murɗe kaifinsu har ƙarshe, na ƙara ƙarfi a kai, sai ga caki ya leƙo, siriri, daga nesa. Jar fitila tana ta ƙiftawa a kan miksa. Na gan ta. Na ce ai kunne ya fi fitila sanin sauti.

Waƙa tara Mama ta yi, tana hutawa tana kurɓar ruwa. A ta ƙarshe, wadda ta tsara ranar da ta binne mijinta, mata da yawa suna waƙa suna share hawaye. Da ta gama ta dube ni.

“Ɗana, ya shiga?”

“Ya shiga, Mama. Tsaf.”

Muna fitowa sai ga ƙanin matata ya dawo daga biki. Ya ce a kawo filashin da na ɗauki waƙoƙin a ciki a sa a motarsa kowa ya ji, don lasifikan motar sun fi na coci. Ya buɗe ƙofofi huɗu, mata suka kewaye motar, aka kawo wa Mama kujerarta. Ya kunna.

Abin da na gani ban gane shi ba. Mata suka toshe kunnuwa a lokaci ɗaya. Wata ta ce, “Wayyo haƙorana!” Wani jariri a bayan uwarsa ya tsala ihu. Ƙanin matata ya yi tsalle ya rage ƙara. Ni kuwa ina tsaye ina jin waƙa mai kyau, ga tulu, ga Mama, ga caki daidai yadda na saita.

“Me ya faru?” na ce. “Motar ce?”

“Yaya, ba ka ji? Kamar ana yanka kwano da zarto! Muryar Mama ma ba a gane ta.”

“Ga ta nan ina ji.”

Duk suka juyo suna kallona. Na dubi matata ko za ta ce wasa ne. Ba ta ce ba. Ƙaninta ya ce in ba shi iyafis ɗin. Ya sa a kunne, bai yi daƙiƙa biyar ba ya fizge. Ya ɗaga su sama yana leƙawa, bakinsa a buɗe.

“Wa ya huda wannan?”

“A toshe suke, na buɗe maka.”

“Ba toshewa ba ce, Yaya. Ragar nan ita ce gyaran sautin. Ita ke tace kaifi. Saboda ita aka yi kala uku. Na hagu ma ya mutu rabi, kuka kawai yake.” Muryarsa ta sauka. “Yana cikin takardar. Shafin farko.”

Na yi tsammanin zai yi faɗa. Sai ya tsaya yana kallona, can ya zaro makullan motarsa ya zaga bayana. Ya ce in na ji wani abu in ɗaga hannu. Na tsaya ina jira. Ina jin babur a titi, ina jin wata tana tari. Na ci gaba da jira, don ni jira ba ya damuna. Sai na ga matata ta sa gefen zane a ido. Na waiwaya. Ashe tun ɗazu yake kaɗa makullan, tazarar taku ɗaya daga ƙeyata.

“Tun yaushe nake gaya maka ƙofa tana ƙara ka ce ba ta yi?” in ji matata a hankali. “Tsuntsayen da ke kan mangwaron gidanmu, ka ce sun daina zuwa. Suna nan, Baban yara. Kullum suna nan.”

A wurin na tuna masaƙa. Ana raba mana abin toshe kunne, mu kuwa mukan zuba a aljihu, don duk wanda ya sa sai a ce masa amarya. Shekara goma sha bakwai injina suna cin saman kunnena kaɗan-kaɗan, ban sani ba. Lasifikan coci kuma ƙananan cikinsu masu fitar da kaifi sun daɗe da mutuwa, shi ya sa duk murɗawar da nake yi ba ta taɓa fitowa sosai ta tona ni ba. Kurma biyu ne suka haɗu suna aiki tare, ni da su.

Na durƙusa gaban Mama na ce a sake. Ta dafa kaina, ta ce muryar ta ƙare na yau, in Allah ya kai mu Kirsimeti za ta zo a sake. Da safe ɗanta ya tafi da ita. Ba ta kai Kirsimeti ba.

Ƙanin matata ya tafi da filashin Abuja, ya yi sati uku yana fama da shi a kwamfuta. Ya ce sautin ya ƙone tun wurin shiga, abin da jar fitilar take gaya mini ke nan. Waƙa biyu ya ceto, waɗanda Mama ta fara ita kaɗai kafin caki ya shigo. Matan sun haɗa uku daga abin da suka riƙe a ka. Bai taɓa yi mini maganar iyafis ɗin ba, sai dai in ya zo yakan tsaya a bakin ƙofa ya ce, “A ɓoye allurai, ga injiniya nan.”

Har yanzu ni ke kula da miksa, amma ba na taɓa maɓallin kaifi sai na tambayi mai kunne. Takarda kuma, ko ta maganin sauro ce, in ta fi ƙarfina sai na kai an karanta mini. Abin da na koya shi ne, in kowa ya ce yana jin abu ni ban ji ba, in fara tuhumar kunnena kafin in ɗauki allura, kuma in daina cewa na ji alhali ban ji ba.

Abin da aka rasa a ranar: raga biyu, iyafis na hagu ɗaya, muryar Mama a waƙa bakwai, da waƙa huɗu da babu wanda ya riƙe su gaba ɗaya.