Leburan da ya ɗanɗana wa hukuma ƙasa

Tun rana ba ta gama fitowa ba, raɓa na kwance a kan shinkafar Kura, ruwan kanal na tafiya a hankali kamar bai gama farkawa ba, za ka hango Malam Maharazu a kan kekensa. Ba ya sauri. Sai ya tsaya a bakin wata gona, ya tsuguna, ya ɗebi ƙasa ya murza, ya shinshina, sannan ya ɗora 'yar kaɗan a harshe ya lumshe ido. In ya buɗe idon, zai gaya maka ko kanwa ta fara cin gonar, ko ruwa ne ya yi mata yawa. Shekara talatin da huɗu ke nan yana wannan aiki a wata tashar binciken noma ta gwamnati da ke yankinmu.

Abin haushin, a takarda sunansa lebura, dokar tashar kuwa ta ce lebura ba ya koyarwa, sai mai digiri. Masu digirin su zo su yi shekara biyu, su tattara su koma birni. Shi kuwa ya ɗebo ƙasar gwaji, ya faɗi ciwonta tun a hanya, sai bayan sati uku takarda ta dawo daga ɗakin gwaji ɗauke da maganarsa, an dai juya ta zuwa Turanci.

Yana da mafarki guda. Da azahar yakan jingina da darbejiya, ya zuba wa balbelu ido, yana hango ranar da kowane ƙauye daga Kura har Bunkure zai sami mai karanta ƙasa. Amma ritaya na matsowa, kuma tsoronsa shi ne ya koma gida da iliminsa a baki, ba wanda ya karɓa.

Bara aka turo kwamitin gyaran tsarin hukumomin bincike. Aikin da aka ba Maharazu ranar shi ne jera kujeru. Ya jera su tsaf, sannan ya ajiye faranti biyu na ƙasa a gaban shugabar kwamitin, Dakta Mansura.

"Baba, wannan fa?" in ji ta.

"Ranki ya daɗe, ɗaya ta gona mai lafiya ce, ɗaya ta gonar da za ta mutu baɗi. A tambayi manyanmu wacce ce wacce."

Wani ya ce a kai ɗakin gwaji. Dakta ta dubi dattijon, ta ga yadda ya ɗora a harshe, ita ma ta gwada. Ta yamutsa fuska. "Wannan da ɗan zartsi."

"To kin koya a minti ɗaya," in ji shi. "Doka kuwa ta ce ban isa in koya miki ba."

Waɗanda ke wurin sun ce ta daɗe tana rubutu. Da gyaran ya fito, an buɗe wa ƙwararrun ma'aikata marasa digiri ƙofar koyarwa, an kuma ba su kujera a hukumar gudanarwa, su da manoma. Wata biyar kacal ya rage wa Maharazu. A cikinsu ya yaye mutum ashirin da bakwai, har da Ɗanbaba mai albasa, wanda a da yake ce masa mai cin ƙasa.

Malam Maharazu, kai ne ka yi haƙuri da sunan da bai kai ka ba, ba ka taɓa huce haushi a kan gonar kowa ba. Wallahi ina jin kunyar shekarun da muka bar ka kana jera kujeru. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya sa ka huta lafiya.

Ku kuma shugabannin hukumomi, kowannenku yana da irinsa a bayan ofis. Ku neme shi tun kafin ranar sallama. Namu dai ranar Alhamis zai miƙa makullin sito, ya tafi gida hankali kwance, don abin da ya sani ya riga ya bar shi a bakin mutum ashirin da bakwai.