Zugazugin Baba Illa

Ku malaman yanzu kun same ni da tumbi da furfura, ba ku san ko ni wane ne ba. A zamanina, daga Madawa har Keita, babu mai taɓa piyano kamata. In na ɗora hannu, jakin da ke kuka ma yakan yi shiru ya saurara. Amma akwai rana guda da har gobe ba ta fita raina ba: ranar da aka zo tabbatar da ni a aiki.

Zamanin mulkin soja ne, ina sabon mushe, wato malami, a wata lakwal, makarantar boko, ta ƙasar Buza. Ƙa'ida ita ce sufeto ya zauna a bayan aji, ya kalli darasinka, ya ba ka maki cikin ashirin. In ba ka kai goma ba, sai ka sake shekara kana ɗan koyo. Ni kuwa darasin waƙa na zaɓa, don a ga gwani.

Piyanon namu mai iska ne, ana taka shi da ƙafa kamar keken ɗinki. Ana gobe sufeto zai zo na taka, sai na ji "fuuus". Zafin bazara ya tsattsaga jakar iskar, ɓeraye sun ƙarasa saura.

Na ruga wurin Baba Illa, maƙerin garin. Ya zo ya leƙa cikin abin, ya ce, "Mushe, wanga akwati naka iska ɗai yaka so?"

"Iska kawai, Baba."

"Ai kuwa ita muka saidawa."

Da safe ya kawo zugazuginsa, ya cusa bakin ta bayan piyano, ya liƙe da ƙaro, ya zauna a ƙasa. Na kare shi da tabarma, na roƙe shi: "Baba, sannu-sannu, kamar numfashin mai barci."

Sufeto ya iso, wani dogo mai tabarau, wanda aka ce rabonsa da dariya tun ranar sunansa. Na fara wata waƙar Faransanci mai sanyi, ta lallashin jariri. Baiti biyu lafiya lau.

Abin da na manta shi ne, maƙeri ba ya zuga haka siddan. Zuga a wurinsa kiɗa ce, dama-hagu, dama-hagu. Hannun shekara arba'in ya koma ga abin da ya saba. Iska ta fara zuwa tsalle-tsalle, piyano ya kama shaƙuwa.

Na sunkuya na ce, "Baba, a hankali!"

Ya ce, "Mushe, ƙarhe ya ɗau zahi, biyo ni dai!"

Ko in tsaya darasi ya mutu, ko in bi shi. Na bi shi. Waƙar jariri ta koma ta biki. Yara suka kama tafi, kafaɗu na rawa, tabarma ta faɗi, ga tsoho yana zufa yana murmushi. Na ce shekara ta tafi. Amma da na saci kallon ƙarƙashin tebur, sai ga takalmin sufeto yana bugun ƙasa.

A ranar na gane cewa yaran nan da kiɗansu suke zuwa lakwal, mu ne ke hana shi shiga aji.

Sufeto ya rubuta sha huɗu. Na fara kumbura. Ya rufe alƙalami, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Sassauta, Mushe. Sha ɗaya na tsohon nan ne. Ukun na ba ka don ba ka hana shi aikinsa ba."