Langa Mai Shuɗin Murfi

Da sunan Allah nake ɗaukar alƙalami, Shi da Ya bar mini hannu bayan ƙarfin gwiwa ya tafi.

A Argungu, inda aka yanke cibiyata, kwano ba ya komawa gidansu wofi. Idan maƙwabciya ta aiko da tuwo, sai a wanke kwanon, a zuba abin da aka dafa a gida, ko da ɗan dambu ne, a mayar. Ban taɓa jin malami ya karantar da haka ba. Tasowa muka yi muka tarar, kwanuka na fita daga wannan zaure suna shiga wancan tun la'asar, mu maza muna ƙofar gida muna ciyayya, ba ka ma sanin tuwon wa ka ci.

Da tsufa ya kama ni, ɗana ya gina mana gida a Badariya, ya kwaso ni da mahaifiyarsa zuwa Birnin Kebbi don mu kusanci asibiti, shi ya koma bakin aikinsa a Abuja. Gida mai kyau, Allah Ya yi masa albarka. Sai dai layin namu duk dogayen katangu ne da ƙofofin ƙarfe. Mutum ya zo a mota, ya danna hon, a buɗe, a rufe. Farkon zuwanmu na riƙa shimfiɗa tabarma a waje bayan la'asar. Da na ga iska kaɗai ke zama a kanta, na naɗe abata.

Ƙofa ɗaya ce ta buɗe mana, ta gidan da ke manne da namu. Mutanen Filato ne, Kiristoci. Mijin yana gyara wa manoman shinkafa na Zauro injinan ban-ruwa, kowa Injiniya yake ce masa. Matar malamar firamare ce, ana kiranta Maman 'Yan Biyu. Matata ce ta fara aika musu tuwon shinkafa da miyar sure, wato yakuwa, su suka rama da gwaten acca a cikin wata langa mai shuɗin murfi. Daga nan langar ta zama kamar 'yar gida biyu. Duk jajibirin Kirsimeti kuma Injiniya zai riƙo kaji ta ƙafa ya buga ƙofata. "Baba Malam, ga aikinka ya zo." Ni nake yanka su da bisimilla, don idan an dafa mu ma mu ci.

Matata ta rasu ana girbin shinkafa. Allah Ya jiƙanta. Mutanen Argungu suka zo suka cika gida, aka yi addu'a, aka watse. Ɗana ya so in bi shi, na ƙi. Ranar da baƙon ƙarshe ya tafi, Injiniya ya kawo mini langar nan cike da gwate mai zafi. Na cinye tas, na wanke, na kife a kan tebur.

Sai da gari ya waye na lura ba ni da abin zubawa.

Ɗana ya shirya da wata mai tuwo tana kawo mini abinci, amma marigayiya ta sha faɗa mini, da harshenta na gida, "Tuwon kasuwa bai shiga kwanon maƙwabci, Malam, abin kunya na." Na ce to bari in gwada da kaina. Hannun da ya tsufa yana rubuta ajami da alƙalamin gamba, ashe bai san muciya ba. Tuwon farko ya yi gudaji, na biyu ya kama ƙasan tukunya. Na zuba wa akuyar da ke yawo a layi, ta shinshina ta wuce. Na ce gobe. Goben ta yi ta haihuwar 'ya'ya.

Langa tana nan a kife, ina ganinta safe da yamma. Har ta kai na kasa haɗa ido da masu ita. Hanyar masallaci ta ƙofarsu take bi, sai na koma zagayawa ta bayan layi, inda yashi yake da zurfi, ina jan ƙafa da sanda. Idan na ji ƙarar babur ɗin Injiniya, sai in dakata a bayan ƙofa har ya wuce. Gidan ya yi mini shiru irin wanda ban taɓa sani ba. Akwai yinin da in ban da sallamar salla da amsa wa mai tuwo, bakina bai buɗe ba. Na karanta haƙƙin maƙwabci a littattafai tun ina matashi, har na karantar da wasu, ga ni ina laɓewa maƙwabci ɗaya tilo da nake da shi.

Jajibirin Kirsimeti ya zo. Da hantsi na wasa wuƙata, ban ma san dalilin da ya sa ba, sabo ne. Na zauna ina sauraron bugun ƙofa. Sai na ji kukan kaji a waje. Na leƙa ta ramin makulli, na ga Injiniya riƙe da su, ya rage sauri daidai ƙofata, ya dube ta, sannan ya wuce can ƙarshen layi wajen wani da ko sunansa bai sani ba.

Na daɗe a tsaye a wurin. Na san idan shinkafar gobe ba ta shigo gidan nan ba, ƙofar nan ita ma ta rufe ke nan. Na ɗauki langa yadda take, wofi, na fita.

Maman 'Yan Biyu ce ta buɗe, hannunta duk jajjage. Injiniya yana tsugune yana figar kajin da wani ya yanka.

"Baba Malam, sannu da zuwa. Ina gajiya?"

"Lahiya lau. Ga langarki, ɗiyata."

Ta karɓa, ta ɗaga murfin, ta mayar. "Baba, da ka bar ta ma. Mun gane ai."

"Kun gane mi?"

Ta dubi mijinta. Shi ya amsa, kansa a ƙasa. "Mun ce ko mutanen da suka zo gaisuwa sun yi maka magana a kan abincinmu. Mama ce mai ci da mu, tunda ta tafi… Muna ganinka kana zagayawa ta yashi. Ba mu so mu takura ka."

"Wa za shi hana ni? Ni da na lashe gwaten har murhi! Kunya ce. Kwano bai komawa wohi, ni ko ban da abin zubawa. Na gwada tuwo, akuya ma ta ƙi shi."

Maman 'Yan Biyu ta fashe da dariya har ta dafa bango, tana goge ido da bayan hannu, jajjagen ya shiga, ta ƙara hawaye.

"Kai, Baba! Ni ina nan ina cewa ka raina miyata, ashe taka ka raina. Ka riƙa kawo ta wofi mana! In ta dawo cike, ina zan zuba na gobe?"

"Wancan mutumin ma," in ji Injiniya, "yanka ya yi kamar kajin sun zage shi. Saura zakara ɗaya, Madam ta ce na sabuwar shekara ne."

"Sabuwar shekara ta nemi nata," ta ce. "Baba, je ka ɗauko wuƙarka."

Na ce a wase take.

Washegari langa ta shigo da shinkafa da cinyar zakaran. Na ci, na wanke. Da zan mayar da ita wofi, hannuna ya ƙi. Na jefa 'yan albasa daga cikin waɗanda ƙanena ya kawo mini daga Augie. Ta buɗe, ta gani, ta girgiza kai ta ce tsofaffin Kabi ba su jin magana.

Sauran ƙofofin layin har yau a rufe suke, ni kuma ba ni da sauran ƙarfin bugawa. Na sake fito da tabarma. Idan injinan Zauro sun bar Injiniya ya dawo da wuri, yakan zauna a gefenta da man inji a farce, har a kira magariba in dafa kafaɗarsa in miƙe. Ranar da bai zo ba, sai in naɗe abata. Ta ƙofarsu dai nake bi zuwa masallaci yanzu, gwiwata ta gaji da yashi.