Ranar da Masar Inna Ta Ƙone

Har ƙasa ta rufe idona ba zan manta safiyar da na mayar da mahaifiyata bakin tanda ba.

Inna mai masa ce a Ƙofar Rini. Tandarta gurbi goma sha biyu ce, kuma tun tasowata ban ga masa ko ɗaya ta ƙone ba. Tana zuba ƙullu, tana juyawa, tana iza wuta da ƙafa, tana amsa gaisuwa, a hakan kuma ta hango jikanta zai tsoma hannu a miya ta daka masa tsawa.

Bayan rasuwar Baba sai ta yi sanyi. Ta gama takaba, amma ta ƙi fitowa. Ta ɗora ruwa ta manta, ta fara magana ta bari a tsakiya. Kowa ya ce damuwa ce. Ni kuwa uwar iyayi, na ga maƙwabciyarmu da ta rasa miji ta warware da ta koma sana'a, sai na kafe. "Inna, zaman nan ne ke cinye ki. Gobe za ki fita." Ta ce ba ta iyawa. Na ce raki ne. Allah Ya yafe mini.

Ni na jiƙa shinkafar, ni na hura wutar. Da farko lafiya lau, har ina jin daɗi. Sai ga wani tsohon mai sayen masarta ya rusuna, ya soma jero gaisuwa: ina kwana, ina gajiya, ya ƙarin haƙuri. Inna ta ɗago tana amsawa, hannunta ya tsaya cak da ludayi. Ƙullu na zuba a ƙasa, masa na ƙauri, ba ta sani ba.

"Inna, juya mana!" na faɗa da ƙarfi.

Ta dubi tanda, ta dubi mutumin, ta dube ni. Idonta ya cika da tsoro. "Ɗiyata, wanne za ni yi?"

Kafin in amsa, gefen zanenta ya kama da wuta. Innalillahi! Ba ta ma janye ƙafa ba, domin har lokacin tana neman amsar gaisuwar. Da ruwan wanke hannu muka kashe, amma fatar ƙafarta ta saluɓe.

A asibiti, bayan an wanke ƙunar, wata likita ta saurari labarin. Da ƙafar ta warke, ta sa Inna ta yi tafiya tana lissafo sunayen 'ya'yanta. Taku uku ta yi ta tsaya. In ta ambaci suna, ƙafa ta ƙi; in ta taka, suna ya ɓace. Likitar ta ce damuwa ma takan hana mutum haɗa aiki biyu, kuma akwai ta, za a yi mata magani. Amma a ƙarƙashinta akwai ciwon mantuwa, shi kuwa ba ya komawa baya.

Damuwar ta yi sauƙi, har Inna ta dawo da dariya. Tanda kam ba ta sake zama gabanta ba.

Na koyi cewa idan babba ya ce ba ya iyawa, a saurare shi kafin a kira shi rago. Yanzu in na kai wa Inna koko da safe, shiru nake yi. Baƙi kan ɗauka rashin tarbiyya ne. Ni dai ba na gaishe ta sai ta ajiye kofin.