Hoton Kakana Mai Jar Hula

Lokacin da abin ya faru ina ɗalibi a birnin Lyon na ƙasar Faransa, ina karatun ruwan sha, kuma ni mutum ne mai son a san daga gidan da na fito. A wani kantin unguwar La Guillotière da nake sayen shinkafa na haɗu da wata yarinya. 'Yar tsibirin Madagaskar ce, Musulma, kakarta ce ta raine ta a Stains, gefen Paris. Shekara guda muna tare na ce zan je gaisuwa.

A garinmu Damagaram ba a neman aure sai an faɗi asali, ni kuwa abin alfaharin gidanmu ɗaya ne. Hoton kakana ne da kakin sojan Faransa, jar hula a ka, lambar girma a ƙirji. Tun muna yara ake ce mana har Madagaskar ya je yaƙi, ban taɓa tambayar da wa ya yi yaƙin ba. Na ɗauki kawuna da ke aiki a kasuwar Rungis, muka tafi da goro. Bayan gaisuwa na ajiye hoton gaban tsohuwar, ina washe baki, na ce zumuncinmu tsoho ne tunda kakana ya taka ƙasarsu. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta kife shi a kan tebur ta shige ɗaki. A matakala yarinyar ta gaya mini cewa lokacin da mutanensu suka tashi neman 'yanci, baƙaƙen sojoji masu wannan hular Faransa ta kawo musu. Su suka ƙone ƙauyen kakarta, suka tafi da mahaifinta tana kallo, bai dawo ba. Ta ce har yau da sunan sojojin nan ake tsorata yara a can.

Daga ranar zama ya gagare ni. In na shiga aji sai in fito, in na buɗe littafin tarihi sai in rufe, in sake buɗewa. Duk Asabar ina cikin jirgin ƙasa zuwa Paris, in kai ƙofar gidan in kasa danna ƙararrawa. Can tsohuwar ta aiko cewa tambaya ɗaya take da ita, wane aiki kakana ya yi a ƙasarsu. Na kira mahaifina. Ya ce tsohon bai taɓa ba da labarin ba, amma duk sharar gona, da an cinna wa kara wuta sai ya bar gonar, ba ya dawowa sai hayaƙi ya wuce. Na gane abin da na gane, tsoro ya kama ni. Na koma na ce mata kuku ne, abinci kawai yake dafa wa sojoji. Ta yarda, aka sa ranar kai kaya.

Ban sanar da kawuna ƙaryar ba, kunya ta hana ni. Ranar taron, da ya ga mutane sun cika falo, sai ya miƙe zai fitar da ni kunya kamar yadda ake yi a gida. Ya hau wasa kakana da Faransanci don kowa ya ji, yana cewa bindigarsa ba ta kuskure, shi ya sa Nasara ya maƙala masa lamba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Tsohuwar ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ta san shi ma kakan nawa kamo shi aka yi daga ƙauyensu aka zuba a jirgin ruwa, kuma da ta ba jikansa jikarta. Wanda ba za ta ba ba shi ne mutumin da ya dubi idonta ya yi mata ƙarya a kan mahaifinta.

Yarinyar ta bi maganar kakarta, ban ga laifinta ba. Yanzu shekara huɗu ke nan, har yau ba na iya bi ta gaban kantin nan. 'Yan uwana da ke zaune a ƙasashen nan, kafin ku yi tutiya da tarihin gidanku ku tambayi a kan wa aka yi shi. In kun gano, ku faɗa yadda yake ko da ɗaci. Abin da kakana ya yi an kusa yafe mini shi, wanda na yi da bakina ne ya raba ni da ita.