Allurar da Ba Ta Fid da Jini Ba

Na sha wuya, ba abin ɓoyewa ba ne. Ni ɗan dako ne a kasuwar Dakoro, tun ina saurayi buhun hatsi ke hawa kaina, in loda a kamiyo, wato babbar mota, in sauke. Da girma ya fara kama ni sai wuyana ya ƙage, kafaɗa ta riƙe, ciwon kai ya riƙa tasowa daga ƙeya ya zauna bayan ido. In an kira ni sai in juyo da jikina duka kamar turmi. Barci ya ƙaurace mini. Wanzaminmu ya yi mini ƙaho har ƙeyata ta rasa wurin tsaga, kuma duk ran da na ga baƙin jini sai in ce cuta ta fita. Ba inda ta je.

Ƙanen matata, direba ne, shi ya kai ni Maradi wurin wata likita 'yar Sin. Ta kwantar da ni rub da ciki, ta kakkafa mini allurai sirara kamar gashin wutsiyar doki, a wuya, a kafaɗa, har bayan hannu. Ina jiran zafi sai wani ɗumi ya bi bayana. Ban san sa'ad da barci ya tafi da ni ba. Na gan ni yaro, bayan saukar ruwan farko, ina bin awakin kakata a dajin Adjekoriya, kaina wayam ba kaya, iska na shiga rigata. Har ƙamshin ƙasa na ji. Da aka tashe ni, na juya wuya na ga ƙofa ba tare da na motsa kafaɗa ba.

Amma na duba audugar da ta goge ni da ita, ko ɗigon jini babu. Na tambayi mai yi mata fassara ina cutar ta bi ta fita. Ya yi dariya ya ce shi bai san ragon layya aka kawo musu ba. Ya ce likita ta ce in yi ta dawowa, kuma kaina ya huta da kaya. Na ce to, a baka.

Ina isa gida na sa wanzami ya kafa ƙaho daidai inda allurai suka shiga, don a ƙarasa aiki. Ran kasuwa na koma dako, ina jin kaina sabo. Buhu na bisa kaina hannun dama ya mutu mini, hatsi ya watse a ƙasa. Da wannan hannun nake ci da gidana. Matata ta dubi hannun yana reto, ta ce in jini nake son gani in tafi mahauta, ita hannun mijinta take so.

Ku 'yan'uwana masu ɗaukar kaya, ba kowace cuta ke fita a gan ta ba, kuma sauƙin rana ɗaya ba warkewa ba ne. Har yau yatsuna biyu ba su gama farkawa ba.

Washegarin ranar da hannun ya mutu, da sassafe, na miƙa wa matata gammona ta ɗora randa a kai, na kama hanyar tasha in koma Maradi wurin likita.